Kwana 19 a kulle, ku da kuke gida yaya kuke yi da wunin nan?

Ɗan Kwari (Talata, 5 ga Mayu 2020)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa, ya ibada, ya kuma haƙuri da wannan hali da muke ciki.

Dan Allah shawara nake nema kuma da gaske nake. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, shekarata 17 ina fita ƙarfe 8 na safe bana dawowa sai bayan isha'i, gidan nan kwana kawai nake yi a cikinsa. To tun daren Alhamis 16 ga Afrilu da aka rufe Kano saboda cutar korona aka ce mana mako ɗaya ne, muka ce mako ɗaya ai ba wani abu bane, sai aka ƙara, sai kuma ranar 27 ga wata shugaba Buhari ya yi jawabi ya sake ƙara mana mako biyu, yau kwana 19 kenan ina zaune. Jiya Litinin an ɗan sassauta daga ƙarfe 10 zuwa 4 na fita na yo cefane na dawo, shikenan kuma sai Alhamis.

Matsalata ba abinci bace alhamdulillah, akwai ɗan abin da muka ajiye. Matsalar wunin ne, ya narke min gaba ɗaya, bansan farkonsa ba bansan ƙarshensa ba. Da dare bana barci, ina kwance da waya a hannu ina jiran NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, su saki alƙaluman waɗanda suka kamu a ranar, su kuma sai wajen tsakar dare suke saki, in na ga na Kano ya ƙaru sai gabana ya faɗi, daga nan na shiga WhatsApp ba abin da nake gani sai innalillahi, wane ya rasu, wane ya rasu, dattawan da muka taso muna gaisarwa suna ta tafiya ko jana'izarsu mutum baya samu. Haka zan kai sahur idona biyu, in na yi asuba na kwanta sai azahar na tashi da ciwon kai, ga zafi ga ba wuta, yara 4 a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, motsi kaɗan suka yi na daka musu tsawa. Ni da uwarsu shekararmu 12 bamu taɓa kwana da fushi ba amma makon nan sau uku muna sa-in-sa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wai an bar buta ba ruwa.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto, ɗazu da yamma ina ɗaki na ji ƙaramar 'yata, shekararta 4, tana tambayar uwarta a hankali dan kar na ji, wai Umma yaushe Abba zai koma kasuwa. Wlh abin ya tsaya min a rai har yanzu. Yarinyar da da in ta ji ƙarar mashin ɗina take rugowa soro ba takalmi.

Ku da kuke cikin irin wannan, me kuke yi daga asuba zuwa dare? Bana son a ce min yi haƙuri kawai, haƙurin nake yi, abin yi nake tambaya.

Malamar Aji Uku

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yaye mana. Ni malamar firamare ce, tun ƙarshen Maris da aka rufe makarantu nake gida da nawa 5 da kuma ɗan ƙanwata, kenan na riga ku shiga kullen da kusan mako uku, kuma makon farko yadda ka faɗa haka muka yi shi, kowa ya tashi lokacin da ya ga dama ya ci abinci lokacin da ya ga dama sai kuka da rigima.

Abin da na gane shine yaro ba zaman gida ne yake damunsa ba, rashin sanin abin da zai biyo baya ne. A makaranta ƙararrawa ce take riƙe mana su, an kaɗa sun san lissafi ne, an kaɗa sun san tara ce. A gida ba ƙararrawa amma muna da salloli biyar, to su na mayar ƙararrawa, ban sa agogo a ciki ba sam dan in ka ce ƙarfe kaza ranar da ka makara sai ka ji duk abin ya rushe ka watsar. Na ɗauki alli na rubuta a bangon kicin, bayan asuba kaza, kafin azahar kaza, bayan la'asar kaza, wanda bai iya karatu ba na zana masa hoto, tsintsiya, allo, buta.

Bayan asuba ba mai komawa sai an yi karatun allo ko da rabin awa ne, sannan a koma barci amma hantsi na yi kowa ya tashi ya naɗe shimfiɗarsa ya yi wanka ya sa kayan kirki, wannan sa kayan kar ka raina shi Alhaji, mutum in ya wuni da kayan barci zuciyarsa ma a kwance take wuni. Daga nan shara da wanke-wanke, kowa da nasa kuma ba a canjawa sai ranar Juma'a dan kar a tsaya gardamar waye da layi. Sai karatun boko kafin rana ta take, awa ɗaya kacal, ban taɓa wucewa ba. Babu wani kayan aiki da kake buƙata, ƙananan da wake nake koya musu lissafi, a zuba a faranti a kasa kashi-kashi, in an gama a tsince shi a jiƙa na ƙosan buɗa-baki. Manyan kuma akwai darussan da ake sawa a rediyo, in batir ya samu muna saurara. Kai ma kana da abin da ni bani da shi, kana da tef ɗin awo da littafin shago, ka ba babban ɗanka ya auna tsawon ɗaki da yadi, ka ce masa turmi ɗaya yadi 6 ne, in mace uku suka raba turmi biyu nawa kowa za ta samu, in an sayo a kaza an sayar a kaza ina riba. Wannan lissafin ya fi na littafi shiga kai kuma daga bakin ubansa zai ji.

Bayan azahar ƙailula dole, ko ba ka jin barci ka kwanta shiru. Bayan la'asar kuma na sake su, wannan lokacin hayaniya ne, langa, 'yar carafke, tsalle da igiya, duk ihun da za su yi su yi, ni na riga na sa a raina daga la'asar zuwa kusan magariba gidan nasu ne. Da na basu wannan sai sauran wunin ya yi sauƙi, in wani ya fara da safe sai na ce ajiye shi sai la'asar, kuma yana ajiyewa dan ya san tana zuwa.

Sai magana ɗaya da zan faɗa maka a matsayina na mace, ka yi haƙuri. Gidan nan shekara 12 yana tafiya kana kasuwa, Hajiya tana da tsarinta ko da ba a rubuce yake ba. Kar ka tashi gobe ka ce ga sabuwar doka. Ka zauna da ita bayan yara sun kwanta ka tambayeta wane aiki ne ya fi cinye mata ƙarfi a azumin nan, ka ɗauke mata shi ɗaya tak, kullum, ba sai ta tuna maka ba.

Mai Adaidaita

Malama duk abin da kika faɗa gaskiya ne amma wannan tsarin na wanda tukunyarsa take kan wuta ne. Ni adaidaita sahu nake ja kuma ba nawa bane, sai na fita na kawo balans sannan abin da ya rage mu ci, yau kwana 19, in ban da jiya, mashin yana jingine a ƙofar gida na rufe shi da buhu. Waken da za a yi lissafi da shi ina yake. Matata awara take soyawa a ƙofar makaranta, makarantar a rufe. Tallafin da ake ta faɗa a rediyo mu dai layinmu bamu ga ko ƙwayar shinkafa ba. Jiya da aka buɗe gari awa 6 ne, kowa ya fito lokaci ɗaya, abin da na samu rabi na ba mai mashin rabi na auno garin kwaki da suga. Ni barci nake sa yarana su yi da rana ba dan ƙailula ba, dan kar su tambayeni abinci. Ba faɗa nake ba wlh, kawai dai mai ƙoshi bai san halin mai yunwa ba, in ana maganar zaman gida a riƙa tunawa akwai irinmu kuma mu ne muka fi yawa a garin nan.

Malamar Aji Uku

Gaskiyarka ɗan'uwa, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. Jadawali baya cika ciki. Allah ya buɗa maka. Alhaji ka ji dai, kai da ka ce akwai ɗan abin da kuka ajiye.

Baba Mai Ritaya

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min a wayarta, ni idona baya ganin ƙananan rubutun nan. Shekarata 71, na yi aikin gwamnati na yi ritaya, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin azumin da aka rufe masallatai ba sai bana, ba tafsiri, ba asham a jam'i, ba itikafi. Ranar Juma'ar farko na yi wanka na sa farar riga na zauna a bakin gado ina hawaye, ba zan ɓoye muku ba.

Ɗana na Kwari, ka fara da gyara niyya. Zaman nan da kake yi kar ka ɗauke shi kamar an ɗaure ka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji annoba ta sauka a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta sauka kuna ciki kada ku fita, yana cikin Bukhari da Muslim. Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham ya ji labarin annoba ya juya da jama'arsa, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa wanda annoba ta same shi a garinsa ya zauna yana mai haƙuri da neman lada, ya san ba abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta masa, yana da lada kamar na shahidi. To ka ga zaman ma aiki ne. Harami kansa bana ba jama'a, ka kunna talabijin ka gani, asham ɗin ma an rage ta zuwa raka'a 10, balle masallacin unguwarmu.

Abin da nake yi kuwa kaɗan ne. Na ware kusurwa ɗaya a tsakar gida an shimfiɗa tabarma biyu, nan ne masallacinmu, ba a cin abinci a kai ba a wasa a kai. Jikana mai shekara 10 shi ne ladan, in lokaci ya yi ya tsaya bakin rijiya ya kira, ka ga yadda yake gyara murya kuwa, yanzu shi yake tashina ba ni nake tashinsa ba. Ni nake ja, mata da yara a baya. Asham da gajerun surori muke yi, wanda ya gaji ya zauna. Karatu kuma izu 2 a rana, ɗaya bayan asuba ɗaya bayan la'asar, izu 60 ne, in ka riƙe haka wata na ƙarewa ka sauke. Kai da ka makara yau 12 ga wata kar ka ce sai ka rama na baya duka, fara daga inda kake, abin da ya samu shi ne rabonka.

Na biyu, zumunci. Da ƙafa nake yinsa, yanzu ƙafa ta zauna sai na mayar da shi waya. Na sa an rubuta min sunayen 'yan'uwa da abokan aiki na da a bayan kalanda, kullum bayan azahar ina kiran mutum 2, ba hira mai tsawo ba dan kati, lafiya lau, ya iyali, akwai abin da kuke buƙata. Ta haka na gano wata ƙanwar marigayiya matata kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba kuma ba za ta taɓa faɗa ba. Kai ɗan kasuwa ne, kana da yaran shago, kana da 'yan dakon da suke sauke maka dila, waɗannan kullum sai sun fita suke ci. Ka kira su. Kuma ga ɗan'uwanka mai adaidaita ya yi magana a sama, bai roƙi kowa ba amma ya faɗi gaskiya, ka duba layinku akwai irinsa, in an dama kunu a ƙara ruwa da gari a miƙa ta katanga, ba sai an shiga gidan juna ba.

Yarinyar nan kuwa, ka yi mata tatsuniya yau da dare. Ko ɗaya ka tuna ta Gizo da Ƙoƙi ta isa.

Nas Mai Aikin Dare

Yaya Ɗan Kwari sannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mu bamu samu zaman gidan ba ma, amma barcin nan da ka faɗa shi zan yi magana a kai dan shine tushen ciwon kan da tsawar da komai.

Alƙaluman NCDC ko ka gansu ƙarfe 12 na dare ko ka gansu da safe lamba ɗaya ce, ba abin da za ka iya yi a kai cikin dare sai dai ta hana ka barci. Ka zaɓi lokaci ɗaya a wuni na jin labari, misali labaran rediyo na safe ko na yamma, ka ji ka kashe. Bayan asham wayar ta kwana a wani ɗakin, in dan tashin sahur ne a ba Hajiya ta sa ƙararrawa. Guruf ɗin WhatsApp da ba abin da ake turowa sai sanarwar rasuwa da muryoyin da ba a san mai su ba ka sa musu shiru, wanda ya rasu naka ne za a kira ka kai tsaye. Hasken wayar kansa yana korar barci, ga kuma fargabar da take biyo baya.

Sannan barcin asuba zuwa azahar ɗin nan shi yake cinye na dare. Ka daure kwana uku ka tashi da hantsi ko da idonka na yaji, ka fito tsakar gida rana ta taɓa ka, jiki da hasken safe yake gane gari ya waye. Ƙailula kar ta wuce awa ɗaya. Shayi mai ƙarfi bayan isha'i ka rage. Ruwa kuma tsakanin buɗa-baki da sahur ka riƙa sha kaɗan-kaɗan, kar ka tara shi duka lokacin sahur, yawancin ciwon kan azumi a zafin nan ƙarancin ruwa ne da rashin barci. Kuma jikinka ya saba zirga-zirgar kasuwa, hawa bene sauko da kaya, yanzu ka zaunar da shi wuri ɗaya, dole ya yi maka tawaye. Kafin magariba da kamar rabin awa ka zaga tsakar gida ko soro, ko ka ja ruwa a rijiya ka cika randuna, aiki biyu kenan.

Ranar Litinin da Alhamis in za ka fita nan ne haɗarin yake dan kowa ya fito lokaci ɗaya. Rubuta abin da za ka saya tun dare, mutum ɗaya ya fita, da takunkumi ya rufe hanci da baki ba a haɓa ba, ka bar tazara kamar mita 2 in da hali, ba musabaha. Ka ajiye buta da sabulu a soro, kana shigowa kafin ka taɓa kowa ka wanke hannu daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da bayan hannu. Sabulun wanki ma ya isa ba sai sanitaiza ba, ƙwayar cutar tana da wani kitse-kitse a jikinta da sabulu yake narkarwa. Yara in ka mayar musu da shi al'ada kafin cin abinci da bayan wasa su za su riƙa tuna maka.

In akwai tsoho a gidan ko mai hawan jini ko ciwon suga dan Allah kar maganinsa ya yanke, ku saya masa na wata guda ranar da aka buɗe, su cutar ta fi kayarwa, kuma da yawa tsoron asibiti ya sa suna zaune a gida da ciwon da ba korona ba har ya yi tsanani. Kar kuma kowa ya sha kulorokwin da kansa dan ya ji a waya, a Legas tun watan Maris an kwantar da mutane saboda shi. Zazzaɓi da busasshen tari da sarƙewar numfashi, ko mutum ya daina jin ƙanshi da ɗanɗano, a ware masa ɗaki da kofinsa a kira lambobin da ake sanarwa a rediyo. Baba Mai Ritaya ina gaisuwa, dan Allah ku ci gaba da zama a ciki, jikokin ma su riƙa wanke hannu kafin su zo jikinku.

Ɗan Yamai

Salam 'yan'uwa na Kano, muna jin labarinku a rediyo kullum, Allah shi kawo sauƙi. Mu nan Yamai ba a kulle mu cikin gida da rana ba, amma tun ƙarshen Maris an rufe garin ba shiga ba fita, ga dokar hana yawon dare, masallatai da lakwal, wato makarantu, duk a rufe, har rigima an yi da matasa a wasu unguwanni kan batun masallaci. Gwamnati ta ce ta ɗauke ma masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da na kuran, wato wutar lantarki, na Afrilu da Mayu, wannan ya ɗan rage.

Mu abin da ya fi yi muna ciwo fada ce, wato majalisarmu ta shayi, nan muke raba dare shekara da shekaru. Da aka hana sai na ɗauko butar shayin da gawayi na shigo da su gida, bayan asham ni ke dafawa, ni da uwargida da tsohuwata, kofi na farko na biyu na ukku kamar yadda muke yi a waje. Wallahi labarin da tsohuwa ta ba mu na yunwar 1984 da yadda suka baro ƙauye ban taɓa jin shi ba, shekarata 36 ina gida ɗaya da ita. Abin da kake yi a waje wanda ka fi kewa, ka duba ko yana shigowa gida. Sai dai ka bi maganar malama nas, naka shayin ya zam mara ƙarfi tunda barci ke ba ka wahala.

Hajiyan Zango

Gaisuwa daga Kumasi. Mu namu lokdawun sati uku ne, daga 30 ga Maris, an buɗe mu 20 ga Afrilu, so mun ɗanɗana. Abu ɗaya zan ƙara, ka samu abin da ke girma ka sa ma ido. Ni tsohon bokiti uku na huda na zuba ƙasa na shuka alayyafo da albasa, yara ke ba shi ruwa safe da yamma, kowa da bokitinsa. Ranan da duk kwanaki suka zama iri ɗaya shi kaɗai ke nuna maka jiya ba yau bane. Har yanzu muna tsinka muna miya. In ruwa na wahala wurinku, na alwala da na wanke shinkafa ya isa.

Ɗan Kwari (Asabar, 9 ga Mayu 2020)

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu, na Baba kuma na karanta wa mai ɗakina a fili.

Ban iya yin duka ba gaskiya. Karatun boko mun gwada kwana biyu, na farko ya yi kyau dan tef ɗin awo ya burge su har tsawon akuyar maƙwabta suka so aunawa ta katanga, na biyu na rasa haƙuri da babban na ɗaga murya sai na tashi na bar wajen, zamu sake gwadawa gobe. Wayar kuma daren farko na kai ta ɗaya ɗakin amma wajen ƙarfe 1 na je na ɗauko, daren jiya da shekaranjiya dai ta kwana can, na yi barci kamar awa 4 kafin sahur wanda rabona da haka tun kafin azumi. Malama nas ciwon kan ya ragu sosai.

Na tambayi Hajiya kamar yadda Malama ta ce, na zaci girki za ta ce, sai ta ce ruwa. Ashe kullum guga wajen 30 take ja tana azumi ni ina ɗaki ina kallon waya, kuma butar da nake faɗa a kai ita take cikawa. Yanzu ni nake ja bayan la'asar lokacin da yaran suke ihunsu, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Ɗan'uwa mai adaidaita maganarka ce ta fi zauna min. Na kira yaran shagona biyu da mai dakonmu, shi mai dakon sai da na kira sau uku ya ɗauka dan wayar tana wajen maƙwabcinsa ya jinginar. Ranar Alhamis da aka buɗe na auna musu gero da suga na aika, ba yawa, nima bansan yaushe za a buɗe kasuwa ba kuma kayan sallah na nan jibge a shago da kuɗin mutane a kai. In kana kusa da Gwammaja ka yi min magana ta akwatin saƙo, ina da kayan da za a kai gida uku ranar Litinin kuma gara na biya ka da na biya wani.

Tabarma tana nan a kusurwa, na biyun yaran ne ladan dan babban ya ce kunya yake ji. Tatsuniya kuwa na fara ta Gizo na kai tsakiya na manta yadda take ƙarewa, uwarsu ce ta karɓa daga kicin ta ƙarasa. Ƙaramar ta yi barci a cinyata kafin a kai ƙurunƙus. Hajiyan Zango, alayyafon irin nasa a ina ake samu, wajen masu kayan miya ko sai an je wajen masu iri?